Ku ɗauki masu sana'ar Zango tun suna raye

'Ya'yana na Aboabo da Asawase da Sabon Zango da Alabar, ina ganin bidiyon da kuke ɗauka ranar Gangara, dawakai da algaita da rawunan sarakuna, kuna ɗorawa a TikTok. Babu laifi. Sai dai akwai aikin da ya fi wannan daɗewa, kuma wayar da ke hannunku ta isa yinsa.

A Ingila, BBC tana da shirin talabijin mai suna Arena, wanda aka fara a 1975 don ba da labarin mawaƙa da marubuta da masu zane. Abin da ya sa nake kawo muku shi, masu shirin ba su raina komai ba. A 1982 suka yi fim sukutum a kan Ford Cortina, motar talakawan ƙasarsu. A 1984 suka yi wani a kan Fela Kuti. Mutum ɗaya, Anthony Wall, ya riƙe shirin sama da shekara 30, ana tarawa kaɗan-kaɗan har finafinan suka kai ɗaruruwa. Da yawa cikin waɗanda aka ɗauka sun rasu, amma ana iya zama a ji su da bakinsu.

Mu nan Ghana an buɗe talabijin ranar 31 ga Yuli 1965, zamanin Kwame Nkrumah, Shirley Graham Du Bois ce shugabarta ta farko. Hausa na cikin harsunan GBC, gidan rediyo da talabijin na ƙasa, kuma iyayenku ba su manta da shirin ilimin manya da Hausa ba. A 1989 gobara ta ci ɗakin ajiyar GBC a Akra, kasusuwa masu yawa suka ƙone. Wannan asara tana ci mini rai, domin abin da aka ajiye wuri ɗaya dare ɗaya ya ishe shi.

To, ku nemi tsohon da ke ɗinkin aska takwas a wuyan babbar riga. Ku gaishe shi, ku durƙusa, ku nemi izini. Kada ku ce masa "Baba, minti ɗaya ne". Ku zauna a zaurensa har ya manta da wayar. Ku nuna yatsunsa, yadda yake lasar bakin zare kafin ya zura a allura, yadda yake karkata rigar wajen hasken ƙofa. Ku tambaye shi wa ya koya masa, kakansa kuma daga ina ya taso, Kano ko Katsina ko Salaga, fataucin goro ne ya kawo shi ko almajiranci. In ya yi shiru ku jira, kada ku cusa kiɗa a kan muryarsa. Haka za ku yi wa wanzami da mai kalangu da malamin da ke zayyanar allo. 'Yan mata, ku ne za ku iya shiga cikin gida wajen Hajiya mai waƙoƙin aure da mai ƙunshi.

Kowane bidiyo ku rubuta masa sunan mai magana da unguwa da kwanan wata. Kada ku bar shi a waya ko Facebook kaɗai: ku sa a kwamfuta, ku ba iyalansa nasu, ku aika wa ɗan'uwa a wani gari. Ku fara da tsohon gidanku, wannan Juma'ar bayan an sauko daga masallaci.