Darasin Kimiyya: Makulli da Kwaɗo a Cikin Jikin Ɗan Adam

Idan manomi ya ɗaga fartanya, ko mace ta ɗaga taɓarya, umarni ne ya fito daga ƙwaƙwalwa. Umarnin yakan bi jijiya har ya isa tsoka. Amma jijiya ba ta manne da tsoka ba. Akwai ɗan rata tsakaninsu wanda ido ba ya gani. To, yaya saƙo yake tsallake wannan rata?

Ɗan aiken jijiya

Bakin jijiya yakan saki wani sinadari mai suna asetilkolin. Shi ne ɗan aike. A shekarar 1921 wani masani, Otto Loewi, ya yi gwaji da zukatan kwaɗin ruwa guda 2 a ƙasar Ostiriya. Ya nuna cewa jijiya da sinadari take aika saƙo. Shi da Henry Dale na Ingila sun sami lambar yabo ta Nobel a 1936 saboda wannan aiki.

A jikin tsoka akwai ƙananan ƙofofi masu ɗimbin yawa. Kowace ƙofa ginshiƙi 5 gare ta, sun yi da'ira, da rami a tsakiya. Kowace kuma tana da kwaɗo 2. Asetilkolin shi ne makullinsu. Idan makulli ya shiga duka biyun, sai ƙofa ta buɗe. Sinadarin gishiri da ake kira sodiyam ya kwarara ciki, tsoka ta motsa. Duk wannan bai kai ƙiftawar ido ba.

Siffa ita ce sirrin

Kowa ya san makullin ɗaki ba ya buɗe kwaɗon shago. Dalili shi ne haƙoransu sun bambanta. Haka abin yake a jiki. Asetilkolin ƙarami ne, yana da kai wanda ya dace da wani gurbi a cikin kwaɗon. Idan ya zauna daram, wani ɗan murfi yakan rufo a kansa. Rufowar murfin ce take juya ginshiƙan, ƙofa ta buɗe.

Saboda haka shiga kwaɗo daban, buɗe ƙofa daban. Wani abu zai shiga ya buɗe. Wani zai shiga ya toshe.

Nikotin da ke cikin taba yana da kai irin na asetilkolin. Makullin jabu ne, amma yana buɗewa. A ƙwaƙwalwa akwai ƙofofi dangin waɗannan. Idan nikotin ya yi ta buɗe su kullum, sai ƙwaƙwalwa ta saba. Shi ya sa barin taba yake da wuya.

Makullin da ya maƙale

Dafin wasu macizai na dangin kumurci da gamsheƙa yana da girma ƙwarai idan aka gwada shi da asetilkolin. Siffarsa kamar yatsu 3 ce. Ɗan yatsa ɗaya yakan shiga gurbin, amma girman dafin ya hana murfi rufowa. Ƙofa ba ta buɗe ba, makulli na gaskiya kuma ya rasa wurin shiga. Kamar makullin da ya karye a cikin kwaɗo ke nan.

Ƙwaƙwalwa tana ta aika umarni, tsoka ba ta ji. Da farko fatar ido ta yi nauyi ta faɗo. Sannan haɗiyar yawu da magana su gagara. Daga ƙarshe tsokar numfashi ta tsaya.

Wannan manne wa na dafi ya amfani masana. A 1970 Jean-Pierre Changeux na Faransa da abokan aikinsa sun yi amfani da dafin wani maciji na Taiwan, suka gano ƙofar a jikin wani kifi mai jan wuta kamar minjirya. Haka kuma gubar kibiya ta Kudancin Amurka, mai suna kurare, toshe ƙofar take yi. Tun daga 1942 likitoci suka fara amfani da ita don sassauta tsoka lokacin tiyata.

Ba kowane maciji ne yake aiki ta nan ba. Dafin kububuwa jini yake ɓatawa, ya hana shi daskarewa. Amma ko wane iri ne, asibiti za a nufa. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau. A hana mutumin yawan motsi, a ɗauke shi maza-maza. Allurar kashe dafi takan cafke dafin tun yana yawo a jini, shi ya sa jinkiri yake da haɗari. A Kaltungo ta Jihar Gombe akwai asibiti na musamman don saran maciji.

Idan makullai suka yi yawa

Bayan asetilkolin ya isar da saƙo, jiki yana da mai shara wanda yake raba shi gida biyu. Ta haka tsoka take hutawa. Wasu magungunan feshi, irin su fiya-fiya, mai sharar suke kamawa. Makullai su taru, ƙofofi su yi ta buɗewa babu hutu. Alamominsa su ne dalalar yawu, gumi, hawaye, amai, karkarwar tsoka, ƙanƙancewar ƙwayar ido da sarƙewar numfashi.

Idan haka ta faru, a cire wa mutum tufafin da maganin ya taɓa. A wanke jikinsa da ruwa da sabulu. Kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. A kai shi asibiti tare da kwalbar maganin.

Kwaɗo iri biyu

A zuciya da hanji da ido da wurin fitar yawu akwai wani kwaɗon daban. Asetilkolin yana lanƙwasuwa, shi ya sa yake shiga duka iri biyun. Gubar zaƙami kuwa wannan na biyu take toshewa. Wanda ya sha zaƙami bakinsa ya bushe, ƙwayar idonsa ta faɗaɗa, zuciyarsa ta yi ta gudu, ya kama sambatu.

Likitoci suna da allurar atrofin, wadda take yin wannan toshewa. Da ita suke taimakon wanda maganin feshi ya kama, a kan ma'auni, suna lura da shi. Kada kowa ya ba maras lafiya zaƙami a gida. Ƙara masa guba a kan guba ne.

Mai feshi ya rufe hanci da baki, ya sa safar hannu, kada ya fuskanci iska. Mai zuwa gona ya sa takalmin roba mai tsawo, mai fita da dare ya riƙe tocila. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mene ne sunan ɗan aiken da jijiya take saki?
2. Kwaɗo nawa ne a kowace ƙofar tsoka?
3. Me ya sa dafin maciji yake shiga kwaɗo amma ba ya buɗe ƙofa?
4. A faɗi alamomi 3 na gubar maganin feshi.
5. Wane abu za a ɗauka a tafi da shi asibiti tare da wanda maganin feshi ya kama?