Kafin Ka Tafi Zanzibar

Ɗana, mahaifiyarka ta gaya mini ka samu hutun aiki, kuma kai da maiɗakinka za ku je Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya. Na yi murna ƙwarai. Mu da muka tashi a Kebbe, babban ruwan da muka sani shi ne gulbi idan ya yi ambaliya a watan Agusta ya shanye fadama. Kai kuwa ga shi za ka tsaya a bakin Tekun Indiya. Zauna kusa, ina da 'yar magana.

Farin yashin da kake gani a hoto ƙofar gidan waɗansu ne. Can aka haife su, can suke kamun kifi, can suke binne iyayensu, kuma mafi yawansu Musulmi ne kamarka. Saboda haka ka shiga da sallama irin ta baƙon da ya san gida da masu shi. Suturar da ba za ka iya ratsa kasuwar Tambuwal da ita ba, kada ka ratsa unguwarsu da ita don ka ga Turawa suna yi. Idan ka tarar da matan ƙauyen Paje ko Jambiyani sun duƙufa cikin ruwa suna noman ciyawar teku, ka tuna da iyayenka mata a gonar shinkafa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya. Baƙo raɓa ne, amma abin da ya aikata yana daɗewa a bakin mutane.

Ka saurari Suwahilinsu da kyau, za ka ji dangantaka. Labari a wurinsu "habari" ne, sabulu "sabuni", kanumfari kuma "karafuu". Kanumfarin nan da ake jefa maka a kunu da shayi, ana nomansa a tsibiran Zanzibar, musamman Pemba. Je ka ga bishiyarsa da idonka, gani ya kori ji.

Sai maganar salla. A nan gabas muke fuskanta, har alƙibla ta zama gabas a bakinmu. A can Makka tana arewa da kai, don haka ka tambaya kafin ka shimfiɗa dadduma. Galibinsu Shafi'awa ne; idan ka ji liman ya bayyana bisimilla a Fatiha, bi shi da natsuwa, kada ka ce za ka yi gyara. Kuma ka san hukuncinmu na Malikiyya: wanda ya yi niyyar zaman kwana 4 cikakku a wuri, ya daina ƙasaru, ya cika sallarsa.

Teku kuma ka ji tsoronsa. Gulbinmu sau ɗaya yake cika a shekara, shi kuwa sau biyu a kowace rana. Zai janye ya bar maka fili mai nisa har ka ɗauka tudu ne, bayan kamar awa 6 ya dawo ya rufe shi. Ka tambayi masunta lokacinsa, kada ka shiga kwalekwale ba rigar ruwa, kada ka bar maiɗakinka a baya. Iya ruwa fid da kai.

Ka ware yini guda don tsohon garin da ake kira Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Akwai wurin da aka yi kasuwar bayi har zuwa 1873. Idan ka isa nan, rage murya, ka tuna 'yan Adam ne aka yi cinikinsu, ka gode wa Allah da ka zo da ƙafarka, za ka kuma koma da ita.

Kada ka ci bashi don hutun mako guda, kada kuma ka cika waya da hotunan da za su sosa ran abokanka da ba su da hali. Tsarabata ba ta da wuya: ƙullin kanumfari, da labarin mutanen da ka zauna da su. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo mana da ku lafiya.