Me Ke Sa Izinin Fayil Ya Koma Gidan Jiya a Uwar Garken Gida?

A zamanin da, idan magariba ta yi, akan rufe ƙofofin ganuwar Katsina, irin su Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Guga da Ƙofar Sauri. Mai tsaron ƙofa yana aiki ne da umarnin da aka kafa masa, kuma alfarmar da aka yi wa wani jiya ba ta soke wannan umarni yau. Haka al'amarin yake ga kwamfutar da ake ajiye fayiloli a cikinta domin sauran na'urorin gida ko na makaranta su ɗiba, wadda ake kira uwar garke. Sau da yawa akan gyara izinin fayil, amma washegari a tarar malami ya kasa shigar da makin ɗalibai, domin izinin ya koma yadda yake.

Asalin Tsarin Izini

Wannan tsari ya samo asali ne daga manhajar Unix, wadda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Amurka a 1969, daga baya Linux ta Linus Torvalds ta gaje shi a 1991. Kowane fayil yana da jama'a kashi uku: mai shi, da rukuninsa, da sauran mutane. Izini ma iri uku ne, kowanne da lambarsa: karantawa 4, rubutawa 2, gudanarwa 1. Ke nan fayil mai lamba 644 na nufin mai shi yana karantawa yana rubutawa, rukuni da sauran mutane kuwa sai dai karatu. Umarnin chmod shi ke sauya waɗannan lambobi, amma ikonsa ya tsaya ne a kan fayil ɗin da ke nan a lokacin.

Dalili na Farko: Sabon Fayil

Manhajoji da dama ba sa yin gyara a kan tsohon fayil. Sukan rubuta sabo, su ɗora masa tsohon sunan. Sabon kuwa yana karɓar izininsa ne daga wata ƙa'ida mai suna umask. Idan ƙa'idar 022 ce, ana zare ta daga 666, sai a sami 644. Idan aka mai da ita 002, za a sami 664, wato rukuni ma ya sami damar rubutu.

Dalili na Biyu: Samba

Samba manhaja ce da Andrew Tridgell ya fara fitarwa a Ostareliya a 1992, domin kwamfutocin Windows su iya amfani da fayilolin Unix. Tana da nata ma'auni a cikin smb.conf, mai suna create mask, wanda asalinsa 0744 ne. Muddin ba a mai da shi 0664 ba, duk fayil ɗin da aka ajiye daga wata na'ura zai fito ba tare da izinin rubutu ga rukuni ba.

Dalili na Uku: Nau'in Faifai

Yawancin filashi suna zuwa ne da tsarin FAT32 na 1996 ko exFAT na 2006. Waɗannan ba su da gurbin rubuta sunan mai fayil ko lambobin izini. Linux takan ara musu lambobi ne a lokacin da ta haɗa faifan, bisa abin da ke rubuce a /etc/fstab. Saboda haka a gari irin Katsina, inda ɗauke wuta ba baƙon abu ba ne, duk gyaran da ba a rubuta a nan ba yakan ɓace da zarar kwamfuta ta sake tashi. Magani shi ne a rubuta mai fayil da izini a fstab, ko a kwashe bayanan a ajiye, sannan a mai da faifan tsarin ext4.

Yadda Ake Gano Dalili

Mai bincike ya lura da lokacin da matsalar ke dawowa. Ya duba izini da umarnin ls -l, ya ajiye fayil, ya sake dubawa. In lambobin sun sauya, to umask ce ko Samba. In kuwa sai bayan an sake kunna kwamfuta, ya duba nau'in faifai da df -T.

Wasu kan gaji su sa 777, wato kowa ya yi abin da ya ga dama. Wannan gyaran gangar auzinawa ne, domin a makaranta yana nufin duk ɗalibin da ya kai ga fayil ɗin zai iya karanta tambayoyin jarrabawa ko ya sauya makinsa.

Jinga

1. Wane izini fayil mai lamba 640 ya ba rukuni?
2. Idan umask ta kasance 026, wace lamba sabon fayil zai samu?