Amsoshin Tambayoyinku: Ɓera da Mantuwa

Wani mai sauraronmu daga Maraɗi yana tambaya: wai idan gindin ƙwaƙwalwar dabba ta gaba ya lalace, shi ke nan ta daina tuna abu?

To malam, a wannan wuri akwai ƙwayoyin jijiya masu aika sinadarin asetilkolin zuwa sassan koyo da tunawa. A 1982 masana a Amurka suka gano cewa ƙwayoyin sun ragu ƙwarai a masu cutar Alzheimer, sai aka duƙufa gwaji kan ɓeraye. Akan saka ɓera a babban bahon ruwa mai launin madara, an ɓoye ɗan dandamali a ciki. Lafiyayye kan gane wurin cikin 'yan kwanaki. Wanda aka lalata wa gindin ƙwaƙwalwar kuwa sai ya yi ta iyo yana lalube.

Sai dai gubar da aka fara amfani da ita wajen lalata wurin ba ta zaɓe, kowace irin ƙwaya take kashewa. Da aka haɗa gubar saporin a 1991 ta yadda za ta kashe ƙwayoyi masu asetilkolin kaɗai, mantuwar ba ta kai yadda aka zata ba. Natsuwa ce ta fi taɓuwa: ɗan haske kan ƙyafta a gaban ɓera, alamar abinci, ya wuce bai lura ba.