Tsira Allura a Maganin Gargajiya na Sinawa: Tushensa da Abin da Gwaji Ya Nuna

1.0 Gabatarwa

Maganin gargajiya na Sinawa ya ƙunshi sassa da dama. Akwai haɗa saiwoyi da ganyaye, akwai tausa, akwai ƙaho, akwai kuma tsira allura a jikin majinyaci. Wannan na ƙarshe shi ya fi yin suna a wajen ƙasar Sin, har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya da suka cancanci adanawa a shekarar 1910 da ɗari, watau 2010. Maƙasudin wannan maƙala shi ne ta bayyana yadda Sinawa suka fahimci lafiyar jiki da ta rai, da yadda ilmin ya taso, sa'an nan ta auna shi da sakamakon gwaje-gwajen likitocin zamani. Za a nuna cewa rubutawar da Sinawa suka yi wa maganinsu tun da wuri ita ta ba na baya damar su jarraba shi, su rarrabe aya da tsakuwa.

2.0 Tushen Ilmin

Littafin da ake ɗauka a matsayin ginshiƙin wannan fanni shi ne Huangdi Neijing, wanda aka harhaɗa wajen ƙarni na 2 zuwa na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). An tsara shi ne a sigar tambaya da amsa tsakanin wani sarki da mashawartansa. A ganin littafin, akwai wani ƙarfi da ke gudana a jikin ɗan'adam, wanda Sinawa ke kira chi, kuma yana bin manyan hanyoyi 12 da suka ratsa jiki daga kai zuwa ƙafa. Lafiya ita ce daidaituwar abubuwa biyu masu kishiyantar juna, watau yin da yang, kamar sanyi da zafi ko duhu da haske. Idan ɗaya ya rinjayi ɗaya, ko kuwa hanyar chi ta toshe, sai cuta ta samu. Aikin mai magani shi ne ya dubi harshen majinyaci, ya ji bugun jininsa a wuyan hannu, sa'an nan ya tsira siraran allurai a wasu gurabu da ke kan hanyoyin nan don ya buɗe abin da ya toshe. Wani lokaci yakan ƙona busasshen ganye a kan gurbin ko kusa da shi don zafin ya ratsa.

Wannan fahimta ba ta raba jiki da rai ba. An danganta kowane hali da wata gaɓa ta cikin jiki: fushi da hanta, murna da zuciya, yawan tunani da saifa, baƙin ciki da huhu, tsoro kuma da ƙoda. Saboda haka wanda fushi ya yi wa yawa, hantarsa za a nema wa magani. Mai nazarin Hausa ba zai ga baƙunci a nan ba, domin Bahaushe ma a cikin jiki yake ajiye halayen rai. Yakan ce farin ciki da baƙin ciki, idan kuma mutum ya firgita ya ce hantarsa ta kaɗa. Bambancin shi ne Bahaushe ya bar abin a salon magana, Sinawa kuwa suka gina tsarin magani a kansa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihi

A 1973 an tono wasu rubuce-rubuce a wani kabari da ke Mawangdui, wanda aka rufe shekara 168 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Rubuce-rubucen sun ambaci hanyoyi 11 da ƙona ganye, amma ba su ambaci allura ba. Wannan ya nuna cewa tunanin hanyoyin ya riga tsira allura samuwa. A ƙarni na 3 Miladiyya, Huangfu Mi ya tattara gurabu 349 a littafi guda. A 1027 wani likitan fada mai suna Wang Weiyi ya sa aka ƙera mutum-mutumi biyu na tagulla, aka huda gurabun a jikinsu don koyar da ɗalibai. Ta fannin tsirrai kuwa, Li Shizhen ya kammala babban kundinsa a 1578, inda ya bayyana magunguna 1,892.

Duk da haka, Sinawa da kansu ba su taɓa haɗa baki a kan ingancin allurar ba. A 1822 sarkin Sin ya hana koyar da ita a makarantar likitocin fada. A 1929 an kawo shawarar soke maganin gargajiya baki ɗaya, sai da masu sana'ar suka tashi tsaye kafin a janye. Gwamnatin Mao Zedong ce ta farfaɗo da shi bayan 1949, a lokacin da likitocin asibiti suka yi ƙaranci ƙwarai a karkara, kuma a 1956 aka buɗe masa manyan makarantu 4. Shigarsa Amurka da ƙarfi ta biyo bayan labarin da ɗan jarida James Reston ya buga a 1971, bayan an yi masa tiyata a Bejin aka kuma yi amfani da allura wajen rage masa raɗaɗin da ya biyo baya. Daga bisani Hukumar Lafiya ta Duniya ta daidaita sunayen gurabu 361.

4.0 Abin da Gwaji Ya Nuna

Masana halittar jiki ba su ga wata hanya ta chi a jikin ɗan'adam ba, kamar yadda ake ganin jijiyoyin jini. Abin da binciken shekarun 1970 ya nuna shi ne sukar allura tana iya sa jiki ya saki wasu sinadarai nasa masu kashe zafi.

Gwajin da ya fi jan hankali shi ne wanda aka yi a Jamus, aka buga sakamakonsa a 2007. An ɗauki masu daɗaɗɗen ciwon baya 1,162, aka kasa su uku. Kashi na farko an tsira musu allura bisa ƙa'idar Sinawa. Na biyu an tsira musu sama-sama a wuraren da ba gurabu ba. Na uku kuwa an ba su maganin asibiti da motsa jiki kamar yadda aka saba. Bayan wata 6, waɗanda suka sami sauƙi su ne kashi 47.6 cikin 100 a rukunin farko, 44.2 a na biyu, 27.4 a na uku. Ma'ana, allurar ta taimaka, amma gurbin da aka tsira ta bai kawo wani bambanci na a-zo-a-gani ba. Wannan ya sa masana da yawa ke ganin cewa babban ɓangare na sauƙin yana zuwa ne daga kyakkyawan zaton majinyaci, da kulawar da yake samu, da sukar kanta. Dangane da cututtukan rai, irin su matsananciyar damuwa, gwaje-gwajen da aka yi ba su yi ƙarfin da za a ce allura ta maye gurbin likitan ƙwaƙwalwa ba.

Akwai kuma haɗari. Allurar da ba a tsabtace ba tana yaɗa ciwon hanta, wadda ta yi zurfi a ƙirji kuma tana iya huda huhu. A farkon shekarun 1990, mata fiye da 100 suka kamu da ciwon ƙoda a Beljiyam bayan sun sha maganin rage ƙiba da aka haɗa da wani tsiron Sin mai guba. Mafi muni shi ne mai tarin fuka ko sankara ya bar asibiti ya dogara da allura har cutar ta gagara.

5.0 Darasin Maganin Zazzaɓi

Babbar nasarar da aka samu daga wannan taska ta fito ne daga tsirrai. A 1967 gwamnatin Sin ta kafa shirin neman maganin zazzaɓin cizon sauro. Wata masaniya, Tu Youyou, tare da abokan aikinta, suka bi tsofaffin littattafai suna gwada abin da suka ƙunsa. Wani tsiro da ake kira qinghao, ɗan'uwan tazargade, ya riƙa ba su sakamako mai hawa da sauka. Sai ta lura cewa Ge Hong, wani malami na ƙarni na 4, ya rubuta a jiƙa ganyen a ruwa a matse, bai ce a dafa ba. Daga nan ta gane zafi ne ke lalata amfaninsa, ta sauya hanyar tacewa a 1971. A 1972 aka ware sinadarin atimisinin, wanda shi ne tushen magungunan zazzaɓin da ake bayarwa a asibitocin Nijeriya da Nijar. An ba ta lambar yabo ta Nobel a 2015.

6.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata an ga cewa tsira allura yana rage wasu raɗaɗi, ko da yake bayanin da magabata suka yi na dalilin hakan bai tabbata ba, kuma amfaninsa ga cututtukan rai yana bukatar ƙarin hujja. An kuma ga cewa abin da ya ceci rayuka a maganin zazzaɓi shi ne yadda Ge Hong ya kula ya rubuta hanyar sarrafa ganyen. A nan ne batun ya shafi ɗaliban al'adun Hausawa. Ilmin wanzamai masu ƙaho da sakiya, da na masu ɗori, da na ungozomomi, yawancinsa yana ka ne, tsoho kuwa idan ya rasu da abinsa yake tafiya. Saboda haka ɗalibin da ya fita nazari kada ya tsaya ga sunan tsiro da cutar da ake sha dominta. Ya rubuta ɓangaren da ake ɗiba, da lokacin ɗibarsa, da yawan da ake sha, da ko jiƙawa ake yi ko dafawa, da abin da mai maganin ya ce a guje wa, domin da irin wannan bayani ne masana haɗa magunguna za su iya gwada shi.