Me Ke Raunana Ruwan Sanyi a Shawa?

A gidajen Gaya da Ajingi masu rijiyar burtsatse da tanki a sama, akan ji ana kukan cewa ruwan zafi yana zuwa da ƙarfi a shawa, na sanyi kuwa sai ɗigo. Wannan ba abin wasa ba ne, musamman da hunturu, domin ruwan da zafinsa ya kai digiri 60 yana iya saɓule fatar yaro cikin 'yan daƙiƙu.

Kafin mai karatu ya ɗora wa injin tura ruwa laifi, ya kwance 'yar rariyar da ke bakin bututun sanyi. Sau da yawa rairayin da aka zuƙo daga ƙasa ne ya toshe ta. Wani lokaci kuma gansakuka ce, wadda ta fi jan hankalina a matsayina na malamin ilmin halittu. Da hasken rana take haɗa abincinta, saboda haka tankin da aka bari a buɗe gona ce a gare ta. A ɓangaren zafi, hita takan kashe ta, lakar ta kwanta a can. Na sanyi ne ke shaƙewa.

Idan an tarar da rariya fes, to wataƙila iska ce ta maƙale a bututu bayan tanki ya ƙafe. Sai a kashe injin, a cire kan shawar, a bar ruwan sanyi ya zuba har ya daina tari.