Yadda A Ke Daidaita Launi A Talabijin Mai Kwalba

Wanda duk ya taɓa kallon tsohuwar talabijin mai ƙaton baya ya san wannan cuta. Sai ka ga farin rubutu ya yi jan baki ta gefe guda, shuɗi ta ɗaya gefen, fuskar mai karanta labari kuwa kamar an zāna ta sau biyu. Mutane su kan ce kwalba ta mutu. Sau da yawa lafiyarta lau, launuka ne kawai suka daina haɗuwa a wuri ɗaya.

To, me ke kawo haka? A cikin wuyan kwalbar akwai 'yan bindigogi uku masu harba ƙwayoyin lantarki, ɗaya ta ja, ɗaya ta kore, ɗaya ta shuɗi. Daf da gilashin gaba akwai faranti na ƙarfe mai huda dubbai kamar rariya, shi ne ke sa kowane harbi ya sauka kan ɗigon launinsa. In ukun sun sauka tare sai ido ya ga fari. In ɗaya ya goce, ko da kaurin gashi ne, launinsa sai ya leƙo. Haka kamfanin RCA ya ƙera akwatinsa mai launi a Amurka a 1954. Mu nan, da aka buɗe tashar Ibadan a 1959, hotonmu baƙi da fari ne, bindiga ɗaya tak, babu abin haɗawa. Sai a shekarun 1970, da launi ya iso, masu gyara suka gamu da wannan aiki.

Kafin ka taɓa kome, san cewa akwatin nan na iya kisa. Wayar nan mai kauri da ke manne a jikin kwalba da faifan roba ta kan ɗauki wuta wajen bolt 25,000, kwalbar kuma ta kan riƙe wutar ko bayan an kashe. Ga shi aikin ba ya yiwuwa sai akwatin na kunne. Saboda haka ɗalibi kada ya buɗe shi sai malamin lantarki na tsaye, ya cire agogo da zobe, ya yi aiki da hannu ɗaya. Wuyan kwalbar kuma gilashi ne marar kauri. In ya fashe shi ke nan, don an daina ƙera irinta.

Sa'an nan rarrabe cuta biyu da a kan gama. In wani yanki na hoton ya rine gaba ɗaya, watau ka ga tabon shunayya a kusurwa, wannan maganaɗisu ne ya kama farantin, wataƙila an ajiye lasifika kusa. Ƙugin nan da ka kan ji in an kunna akwatin, naɗin waya ne ke wanke wannan. Kawar da lasifikar, kashe akwatin ya huce, sake kunnawa. Sai tabon ya tafi tukuna za ka fara namu aikin.

Bar akwatin ya yi ɗumi kamar minti 15 ko 20. Sa masa hoton fararen layuka tsaye da kwance bisa baƙi, kamar gidajen dara. Kafa madubi a gabansa, domin kai kana baya. A wuyan kwalba za ka ga zobba na maganaɗisu, biyu biyu, kowane da ɗan kunne. Lalle ka ja layi da alƙalami ya ratsa su duka, don in ka ɓace ka san hanyar komawa gida.

Fara da tsakiyar hoto, ka manta da gefe. A kwalbar da bindigoginta ke jere a layi ɗaya, ta kore ce a tsakiya, ita kuwa ba a motsa ta. Akwai zobba biyu masu kawo ja da shuɗi su hau juna, su zama layi guda mai launin shunayya. Waɗansu biyun kuma su ɗauki wannan shunayya su ɗora ta bisa kore, sai fari ya fito. In ka buɗa kunnuwan biyu ka ƙara ƙarfin ja, in ka juya su tare ka sāke wajen da su ke ja. Kaɗan kaɗan a ke yi, a koma a sāke, domin gyaran na biyu ya kan ɗan taɓa na farko. Sauran biyun na tsabtar launi ne, jerinsu kuma ya bambanta daga akwati zuwa akwati, sai a duba littafin akwatin.

Gefe shi ne mai wuya. Gwada da tocila uku: haɗa haskensu a tsakiyar allo, sa'an nan ka karkata su tare zuwa kusurwa, za ka ga hasken ya rabu, don kusurwa ta fi nisa, sun riga sun gitta juna kafin su kai. (Malami, rufe tocilan da takarda ja da kore da shuɗiya, ka sami darasin haɗa haske kyauta: ja da kore su ba da rawaya.) A akwatunan farko, masu bindigogi a tsaye kamar duwatsun murhu, akwai allo guda cike da maɓallai don wannan kaɗai. A na baya, sai a ɗan karkata babban naɗin wayan da ke kafaɗar kwalba, sama ko ƙasa, dama ko hagu, a tokare shi da 'yan robobi uku. Kusurwar da ta ƙi, a kan cusa mata ɗan siririn maganaɗisu a ƙarƙashin naɗin.

A ganina kada a matsa wa kusurwa. Ko sabuwa daga kamfani ba ta kan haɗu sarai a can ba. Koma inda mai kallo ke zama, taku biyar ko shida, ka duba. In layukan sun yi fari daga nan, ɗiga wa zobban fenti ko ɗan gam su tsaya, kashe akwatin, zare shi daga bango, ka mayar da murfi.